Rejimantin Igwa na Birtaniya a Yaƙin Duniya na Biyu: Batir Biyu Ne Ko Uku?

Tambaya: Na ga an rubuta cewa rejimantin igwa na sojan Birtaniya a Yaƙin Duniya na Biyu yana da igwa 24. To amma wasu sun ce batir biyu (wato ƙananan rukunonin igwa) aka raba shi, wasu sun ce uku. Wanne ne daidai, kuma wace irin igwa suke harbawa?

Amsa: Duka biyun daidai ne, zamani ne ya bambanta. Kafin 1938 batir huɗu ne, kowane da igwa shida. A shekarar aka mayar da su batir biyu masu igwa 12, kowane an kasa shi sassa uku masu igwa huɗu-huɗu. A takarda tsarin ya yi kyau, amma da aka gwabza a Faransa a 1940 sai aibinsa ya fito fili. Aikin rejimanti shi ne rufa wa birged ɗaya ta sojan ƙasa baya, ita kuwa birged bataliya uku gare ta. Yaya za a raba biyu ga uku? Dole a riƙa yago sashe daga nan a liƙa can, sai sadarwa ta rikice. Shi ya sa bayan janyewa daga Faransa aka koma batir uku masu igwa takwas, kowane sassa biyu. Igwa dai 24 ɗin ce, amma yanzu kowace bataliya ta san batir ɗinta. Dibishan ɗaya, wato babbar rundunar da ta haɗa birged uku, na da rejimanti uku, igwa 72 ke nan.

Abin da ya fi burge ni a tsarin shi ne inda aka ajiye manya. Manjon batir yana tare da kwamandan bataliya, kyaftin na sashe kuma yana can gaba yana hangen inda harsashi ke sauka, yana ba da umarni ta rediyo. Wanda ke ganin abokin gaba da idonsa shi ke da ikon kiran wuta, har ta rejimanti gaba ɗaya.

Igwar kuwa ita ce mai harsashin fam 25, wato kilo 11.3. Faɗin bakinta milimita 87.6, tana cin zangon yadi 13,400, kilomita 12 da ɗoriya. Mutum shida ke aiki da ita ƙarƙashin sajan. Motar Morris C8 ke janta, da ƙaramar tirela a tsakani mai ɗaukar harsashi 32. Tana da faifan ƙarfe da ake saukewa ƙasa a ja tayoyinta su hau, sai a juya ta kowace fuska ba tare da an tone ƙasa ba. A harbi na yau da kullum harsashi uku take fitarwa a minti, in abu ya yi tsanani biyar.

Harsashi daban ake ɗurawa, kwanson albarushi daban. Cikin kwanson akwai jakunkuna uku, ja da fara da shuɗiya. Yawan jakunkunan da aka bari a ciki shi ake kira caji: caji na ɗaya ja kaɗai, na biyu ja da fara, na uku duka. Na zango mafi nisa kwansonsa daban ne. A nan kuskure mafi muni ke aukuwa: in aka ce caji na uku aka ɗura na biyu, harsashi zai gaza, ya faɗa kan sojan da ake karewa. Don haka sajan ke duba cajin da idonsa kafin a ɗura.

Sauran abin da ke ɓata saiti ba ya ganuwa da ido. Bututu yana cinyewa da yawan harbi, gudun harsashi ya ragu, kuma kowace igwa da irin tata raguwar. Saboda haka aka yi wa ma'aunin saitinta wurin gyara, a daidaita shi da gudun wannan igwar ita kaɗai, ta yadda zango ɗaya da aka kira zai yi wa duka takwas. Zafin albarushi da iska da nauyin harsashi kuwa, ma'aikatan lissafi ne ke gyara su a wurin ba da umarni kafin a aika lambobi ga igwa.