Amsa ga mai tambaya kan macanjin layi mai lanƙwasa

Assalamu alaikum ɗan'uwana na Birnin Kebbi. Da na ga tambayarka sai na ji kamar ni na rubuta ta. Ka ce allonka ƙafa 4 ne da ƙafa 8, jirgin ƙasa na wasa mai girman da ake kira HO, kana son sa macanji, wato inda layi ke rabuwa biyu jirgi ya canza hanya, a cikin kwana domin tasharka ta ƙara tsawo, kuma ba ka san wanda za ka saya ba. Wallahi wannan ramin na faɗa, a nan Gusau.

Kafin komai, don Allah kada ka tura wa kowa kuɗi sai ya faɗa maka radiyos na layin ciki, wato nisan da ke tsakanin tsakiyar zagayen da layin. Macanji mai lanƙwasa kwana biyu gare shi, ta waje da ta ciki, masu sayarwa kuma ta wajen suke faɗa saboda ita ce babbar lamba. Ni haka wani ya yi mini. Kayan gwanjo yake sayarwa ta intanet, ya ce inci 22 ne, na yi murna na biya guda biyu har da kuɗin mota. Da suka iso na kafa su na buga ƙusa, ban auna ba. Ashe ta cikin ko inci 18 ba ta kai ba.

Ranar Sallah ƙarama abin ya faru, ba zan manta ba. Baba ya yi aikin reluwe shekaru masu yawa a kan layin nan da ya taso daga Zariya ya bi ta Gusau ya tuƙe a Ƙauran Namoda, wanda aka kammala tun 1929, kuma domin shi na gina tashar, ina kwaikwayon tamu ta Gusau. Na zaunar da shi a kujera, jikoki sun kewaye shi. Kan jirgina mai gatari shida ya zagayo da tarago biyar, Baba yana murmushi. Yana shiga layin ciki sai ƙafafun gaba suka hau kan harshen macanjin, wato siririn ƙarfen da ke motsawa ya juya jirgi, ya goce, ya faɗo daga tebur zuwa siminti. Har yanzu ina jin ƙarar a kunnena. Wata takwas na yi ina tara kuɗin kan jirgin nan. Baba bai ce komai ba, ya sunkuya da ƙyar yana tsince mini gutsattsarin. Wannan sunkuyawar ta fi fashewar yi mini ciwo. Na kira mutumin, ya ce wai jirgina ne ba shi da kyau. Na tura masa hoto da magwaji a kan layin, ya gani bai amsa ba, daga baya ya toshe lambata. Mutumin da har gaisuwar Juma'a yake turo mini kafin na biya! Na bar shi da Allah.

To, ka duba kwalin kan jirginka, yawanci ana rubuta mafi ƙarancin kwanar da zai iya bi. Da yawa daga na Ingila milimita 438 suke nema, wato inci 17 da 'yan kai. Macanjin kamfanin Peco mai lanƙwasa na jerin Streamline kwanarsa ta waje inci 60 ce, ta ciki inci 30, jirgi na shigewa lafiya lau, sai dai yana son fili. Allo mai faɗin ƙafa 4 kuwa da ƙyar yake ɗaukar zagaye mai inci 22, don haka sai ka gwada ka ga ko zai zauna a bakin kwana. Peco suna da zanen macanjansu a girmansu na ainihi, ka je shagon kwamfuta a buga maka ba tare da an rage girman ba, ka yanka ka shimfiɗa a kan allon. Kuɗin takarda kawai za ka kashe. Da na san da wannan da kan jirgina yana nan.

Kuma kada ka sa kwanar da ta juya wani gefen nan take bayan macanjin. Ka bar miƙaƙƙen layi mai tsawon taragonka mafi tsawo a tsakani. Ƙasansa ya kwanta sumul, ban da gangare, kuma ka sa shi inda hannunka ke kaiwa. Idan taragunka na gwanjo ne masu dogon leɓen ƙafa, layi mai lamba 100 ya fi haƙuri da su fiye da mai lamba 83 ko 75, don ƙarfensa ya fi nasu tudu. Ka auna tazarar da ke tsakanin bayan ƙafafu biyu na gatari ɗaya ma, wajen milimita 14.5 ake so.

Af, ga ƙurar hunturu. Ku ma a Kebbi kun san ta. Tana shiga tsakanin harshe da layi ta yanke wuta, jirgi ya tsaya cak a tsakiyar macanji. Ni yanzu kowane macanji na lanƙaya masa wayarsa daban da dalma, ina goge shi da sifirit, ina rufe allon da tsohon zanen uwargida. Lokacin bazara kuma ƙarfe na buɗewa, ka bar ɗan rata a mahaɗa. Idan ka sayi mai ƙarfe a magiciyar, wato inda ƙarafan layin biyu ke gittawa, wanda suke kira Electrofrog, kada ka manta da mahaɗan roba a bayansa, in ba haka ba wuta za ta riƙa haɗuwa.

Macanjan nan biyu suna nan cikin gwangwani, na ƙi sayar wa kowa don kada in cuci wani. Ka turo mini sunan kan jirginka da tsawon taragon da ya fi tsawo, in gwada maka a kan nawa allon kafin ka saya.