Tambaya da Amsa: Wace ce matar nan 'yar China mai kaɗa pipa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Dan Allah ina da tambaya, jiya da daddare ina latse-latsen waya sai na ci karo da bidiyon wata mata 'yar China a tsakiyar Turawa masu goge irin nasu, ta rungume wani abu kamar gurmi amma ya fi shi girma, yatsunta na gudu kamar ba na mutum ba, a ƙasa an rubuta Wu Man. Wai wace ce, kuma ya aka yi kiɗan gargajiya ya kai ta har can? Daga mai karatunku a Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam Malam. Abin da ka gani a hannunta sunansa pipa, tsirkiya huɗu gare shi, da itace ake yin sa, cikinsa kamar an tsaga gora gida biyu, kuma a tsaye ake ɗora shi kan cinya. Ya kai wajen shekara 2,000 a China, kuma irin wannan mai siffar gora ta hanyar fatake ya shigo musu daga tsakiyar Asiya, shi ya sa za ka ga yana ɗiban kama da udu na Larabawa. Gudun yatsun nan kuwa akwai ɗan sirri, farcen roba suke ɗaurawa da salatif a yatsu biyar na hannun dama saboda tsirkiyar yanzu ta ƙarfe ce.

Ita kuma Wu Man an haife ta a 1963 a garin Hangzhou, ta yi karatu a babbar makarantar kiɗa ta Beijing, ita ce ma ta fara samun digiri na biyu a kan pipa a wurin. A 1990 ta tattara ta koma Amurka, a lokacin yawancin mutanen can ko sunan pipa ba su taɓa ji ba balle su biya kuɗi su saurara.

To a nan ne ta burge ni gaskiya. Ba ta ajiye kayan gidansu ta ɗauki jita ba, sai ta riƙa kutsawa da shi duk inda ake kiɗa, ta haɗu da ƙungiyar Kronos Quartet, wato wasu masu goge su huɗu a Amurka, a 1994 wani marubucin kiɗa ɗan China mai suna Tan Dun ya rubuta musu wani kiɗa da ake haɗa pipa da ƙarar ruwa da duwatsu da takarda, kai ka ji fa, sannan manyan marubuta kiɗa irin su Philip Glass da Lou Harrison suma suka yi aiki da ita. Tana kuma cikin waɗanda aka kafa ƙungiyar makaɗa ta Silk Road da su, wadda shahararren mai babban gogen Turawa Yo-Yo Ma ya haɗa. A 2013 mujallar Musical America ta zaɓe ta gwarzuwar makaɗan shekara, karon farko da mai kayan kiɗan da ba na Turawa ba ya samu wannan.

Amma ni abin da na fi so a labarinta, bayan duk ta yi suna sai ta riƙa komawa ƙauyukan China tana neman tsofaffin makaɗan biki da na jana'iza, har ta ɗauko wasu manoma masu kiɗa daga Huayin a lardin Shaanxi ta kai su Amurka, cikinsu har da mai dukan benci da guntun katako. Ka nemi wannan bidiyon, amma ka rage ƙarar waya in mutanen gida sun yi barci.