Me Ya Sa Burauzata Ke Jan Ƙafa?

Tambaya: Malam, kwamfutata tana da RAM mai gigabait 4, amma da zarar na buɗe shafuka goma a Chrome sai komai ya riƙa tafiyar hawainiya. Na goge tarihin bincike, ban ga canji ba. Ina mafita?

Amsa: Malama, goge tarihi ba zai yi maganin wannan ba, domin a faifan ajiya yake zaune, matsalarki kuwa tana cikin RAM ne, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta take ɗora abin da take aiki a kai. Chrome yakan ware wa kusan kowane shafi nasa kaso daban, don kada faɗuwar ɗaya ta ja sauran, kuma idan RAM ta cika sai kwamfuta ta koma aron wuri a faifan ajiya, wanda bai kai ta sauri ba ko kusa. Nan ne nauyin yake farawa.

Ki danna Shift da Esc tare, za ki ga jerin shafukan da abin da kowanne yake ci, sai ki rufe mafi haɗama. Galibi masu bidiyo da tallace-tallace ne. Ki kuma duba ƙananan manhajojin da kika liƙa wa burauzar, don wasunsu suna aiki ko ba ki taɓa su ba. A cikin saituna akwai Memory Saver, wanda yake kwantar da shafin da aka daɗe ba a leƙa ba.

A ganina dai gigabait 4 ta yi kaɗan a yau. In kwamfutar tana karɓar ƙari, ki kai ta 8.