Amsa ga mai tambaya kan ruwan famfo da ke fitowa kamar tafasasshe

Malam, ka ce gidan da kuka koma a Ingila yana da silindar ruwan zafi, wato tankin da ke ajiye ruwan zafi, mai hita a ciki, ruwan yana fitowa da zafin da ba a iya sa hannu, kana neman yadda za ka rage shi. Abu biyu ke kawo haka: ko an murɗa tamostat ɗin, wato na'urar da ke kashe hitar idan ruwa ya kai zafin da aka saita, ya yi sama, ko kuma ya mutu. Na farkon aikin minti goma ne. Na biyun kuwa ba abin wasa ba ne.

Fara da awo, kada ka dogara da hannu. Buɗe famfon zafi mafi kusa da silindar ya zuba na minti ɗaya, ka tari ruwan a kofi, ka tsoma ma'aunin zafi irin na kicin. Idan ka ga digiri 55 zuwa 60 a ma'aunin Celsius, hitar lafiyarta ƙalau, haka ake so. Daga 65 zuwa 70, saiti ne ya yi yawa. Idan ya haura 70, ko famfon yana tofar da tururi, to ka zargi tamostat ɗin kansa.

Kafin ka taɓa komai, kashe makunnin hitar da ke bango kusa da silindar, sannan ka je akwatin fis ka sauke layinta. Ka yi duka biyun. A ƙarƙashin murfin nan akwai tsirarun wayoyi masu wuta volt 230, hitar kuma kilowat 3 take ja. A saman silindar ko a gefenta za ka ga wani zagayayyen murfi, na roba ko na ƙarfe, da waya mai kauri ta shiga cikinsa. Noti ɗaya ko sukuru ɗaya ke riƙe da shi. Cire shi, ka gwada da testa ka tabbatar babu wuta. A tsakiya akwai ɗan ƙaramin abin murɗawa mai tsagar sukundireba da kibiya. Wasu an rubuta musu digiri, wasu lamba 1 zuwa 5 kawai, ko alamar ƙari da ragi. Mai digiri ka kai shi 60. Mai lamba ka rage mataki ɗaya, ka mayar da murfi, ka kunna, gobe ka sake awo.

Kada ka yi tsammanin ganin canji nan take, domin ruwan da ya riga ya yi zafi yana nan a ciki. Sai an kwashe shi wani ya shigo. Silinda mai lita 120 takan ci kamar awa biyu kafin ta ɗumama daga sanyi zuwa 60. Kuma ka duba ko hitocin biyu ne. Gidajen da ke kan tsarin Economy 7, wanda wutar dare ta fi arha a cikinsa, sukan kasance da ɗaya a ƙasa mai aiki da wutar dare, ɗaya a sama ta ƙari da rana, kowace da tamostat ɗinta. Mutane da yawa sukan rage ta saman su bar ta ƙasan, su ce gyara bai yi ba.

Me ya sa 60 ba 45 ba, tunda ita ce mai daɗin wanka? Saboda ƙwayar cutar Legionella tana hayayyafa a ruwan da ke kwance tsakanin digiri 20 da 45, kuma ta huhu take kama mutum idan ya shaƙi feshin shawa. A 60 ba ta rayuwa. Sama da 65 kuma asarar kuɗin wuta ce, ga farin ɓawon nan irin na gindin ketil da ke taruwa a jikin hitar, musamman a Landan da kewayenta inda ruwan yake da yawan ma'adinan da ke haifar da ɓawon. Sai dai ko 60 ɗin tana sale fatar yaro cikin daƙiƙu kaɗan. Idan akwai yara ko tsofaffi a gidan, maganin shi ne mai gyaran famfo ya sa bawul mai gauraya zafi da sanyi kafin ruwan ya kai baho. Tun 2010 dokar gini a Ingila ta ƙayyade ruwan baho a sababbin gidaje kada ya wuce 48.

Yanzu ga inda nake so ka nutsu. Idan ka rage, bayan kwana ɗaya ruwan bai sauka ba, to tamostat ɗin ya maƙale a kunne. Alamominsa: silindar tana gurnani kamar tukunya a kan murhu, famfon sanyi na banɗaki yana kawo ruwa mai ɗumi, ko tururi a cikin rufi. Abin da ke faruwa shi ne ruwan yana tafasa, yana hawa ta bututun numfashi yana zuba cikin tankin sanyi da ke saman silin. Tankin roba ne, in ya sha zafi sai ya yi laushi ya kife ta cikin silin. An rasa rayuka ta haka a Ingila. In ka ga ɗaya daga cikin alamun nan, kashe hitar ka bar ta a kashe.

Canjin ba shi da wuya ga mai gyaran wuta, ba a ma zubar da ruwa, domin tamostat ɗin sanda ce da ke zamewa cikin busasshen kube. Tsawonsa ya bambanta, akwai inci 7, 11 da 18, don haka a tafi da tsohon shago. A sayi mai ɗan maɓallin kariya da ke yanke wuta da kansa idan zafi ya wuce kima. Tsofaffin ba su da shi. In maɓallin yana yawan faɗuwa, kada a yi ta danna shi, a nemo dalili. A kuma duba bakin wayoyin, in sun yi baƙi ko roba ta narke, sukurun ne ya saki.

Idan gidan yana da boila ta gas da ita ma ke ɗumama ruwan silindar, kashe hitar na kwana biyu ka gani. In ruwan bai daina ƙuna ba, laifin yana ga ɗan akwatin tamostat da aka ɗaure a jikin silindar daga waje, ko bawul mai ɗan injin lantarki da ke buɗe wa ruwan boila hanya, da ya maƙale a buɗe. Silinda rufaffiya kuma irin su Megaflo, wadda ba ta da tanki a rufi, ka bar wa mai gyara da ke da takardar G3, wato shaidar ƙwarewa kan irin wannan silinda. In kuma haya kake, rubuta wa mai gidan yau, ka haɗa da hoton abin da ma'aunin ya nuna, gyaran a wuyansa yake.