Anti, in bar rol-on in koma alif da lemun tsami?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. A Agege nake zaune, ina koyarwa a wata makaranta a Ikeja. Kwanaki aka turo mana saƙon murya a guruf ɗin matan unguwa cewa rol-on ɗin kanti akwai alminiyam a ciki, yana toshe gumi, sai guba ta taru a mama ta zama sankara. Yayar mahaifiyata sankarar mama ce ajalinta, shi ya sa hankalina ya tashi. Na jefar da nawa na koma goga lemun tsami da bekin soda, sannan na sayi wani haɗi a 'yar kwalba wajen wata mata da ta ce babu kemikal ko ɗigo a ciki. Yanzu hammatata ta yi baƙi tana raɗaɗi, ga shi kafin in sauka daga danfo na fara tsarguwa da kaina. Wata ƙawata ta ce in gwada alif. Mene ne mafita? — Ƙanwarki daga Agege

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan innarki, ya kai haske kabarinta.

Tun kafin mu shiga maganar sankara, ki ajiye lemun tsamin nan da sodar yau ɗin nan. Su ne suka ƙona ki. Fatar mutum tana da ɗan tsami-tsami nata na halitta, a ma'aunin tsami na pH tana wajen 5. Ruwan lemun tsami yana wajen 2, bekin soda kuwa ta haura 8. Kin ga kenan da safe kin ja fatar can, da yamma kin fizgo ta nan, a wurin da yake laushi, a naɗe, kuma reza ta bi ta kai. Mu masu baƙar fata, duk inda ya ji rauni baƙi yake ƙarawa idan ya zo warkewa. Ki ba wurin hutu na sati biyu: ruwa da sabulu mara ƙamshi, ki tsane sosai, ki ɗan shafa man kaɗanya ko basilin, kada reza ta taɓa shi. Baƙin zai washe a hankali, wata da watanni ne, ba kwana uku ba. Kuma ina roƙon ki, kada wata ta tallata miki man bilicin wai don ya goge shi, a can ne ake haɗuwa da sinadarai masu cutarwa na gaske irin su makuri. Idan kika ga maruru ko ruwa yana tsatsafowa, asibiti za ki je.

Saƙon muryar da aka turo muku ya girmi wasu malaman makarantarku. Tun wajen 1999 yake yawo a imel a Amurka, harshe kawai yake canzawa. Likitoci ba su yi watsi da shi ba, sun bincika. A 2002 wasu masu bincike a birnin Siyatil na Amurka suka tambayi mata 813 masu sankarar mama da 793 marasa ita game da abin da suke shafawa a hammata da yadda suke aski, ba su ga wata alaƙa ba. A 2004 wata malamar jami'a a Ingila, Philippa Darbre, ta samu ɓurɓushin paraben, wani sinadarin hana kayan shafa lalacewa, a cikin ƙullutun sankarar mama 18 daga 20 da ta duba. Labarin ya zaga duniya, amma binciken bai nuna daga ina paraben ɗin ya shiga ba, bai kuma nuna shi ya haddasa cutar ba. Duk da haka kamfanoni da yawa sun cire shi daga kayan hammata. Har yau Cibiyar Sankara ta Ƙasa ta Amurka matsayinta shi ne babu hujjar da ta haɗa rol-on da sankarar mama, kuma a 2020 kwamitin Tarayyar Turai mai duba lafiyar kayan shafa ya ce alminiyam ɗin ba shi da haɗari a adadin da ake sakawa.

Zancen "guba ta taru" ɗin ma ba haka jiki yake aiki ba. Hanta da ƙoda ne suke tace dattin jini. Gumi aikinsa sanyaya jiki, galibinsa ruwa ne da ɗan gishiri, kuma idan kin rage na hammata ga sauran jiki nan yana fitarwa. Abin da ke ratsa fata na alminiyam ɗan mitsitsi ne ƙwarai, bai kama ƙafar wanda muke ci a abinci ba. Mutum biyu ne ake ce wa su kula. Mai ciwon ƙoda mai tsanani ya tambayi likitansa, don ƙodarsa ba ta iya fitar da shi yadda ya kamata. Sai mace ranar da za ta yi hoton mama na mamogiram, ana ce mata kada ta shafa komai, saboda ɓurɓushinsa yana fitowa fari-fari a hoton ya rikita mai dubawa. Ina zargin daga nan wasu suka ji wutsiyar magana suka ƙulla nasu labarin.

Don adalci, ba cewa nake yi kayan kanti ba su taɓa samun matsala ba. A ƙarshen 2021 kamfanin Procter & Gamble ya janye wasu turarukan fesawa na Old Spice da Secret a Amurka saboda an samu sinadarin benzin a ciki, shi kuwa sanannen mai jawo sankarar jini ne. Daga iskar da ke tura feshin ya fito, ba daga alminiyam ba. Abin da nake so ki lura da shi, an gano ne saboda akwai suna a jikin gwangwanin, akwai lamba, akwai wanda za a kama. 'Yar kwalbar da kika saya fa? A kemis ɗin da nake aiki a Idi-Araba ana yawan kawo min irinta a ce in duba. In duba me? Babu jerin abin da aka zuba, babu lambar NAFDAC, babu ranar lalacewa. Mai haɗin ba lallai muguwa ce ba, wataƙila ita ma tana shafawa. Amma yawancin irin haɗin nan soda ce da man kwakwa da man ƙamshi mai ƙarfi, kuma ƙamshi, ko na itace ne ko na masana'anta, yana sahun gaba a abubuwan da ke tayar da ƙaiƙayin fata.

Alif kuwa, wanda wasu ke kira alimun, dariya ya ba ni. Gishirin alminiyam ne da fotasiyam. Farin dutsen da ake sayarwa da tsada a manyan kantunan Ikeja da Lekki a matsayin turaren hammata na gargajiya, shi ne dai alif ɗin da iyayenmu ke jefawa a randa don ruwa ya kwanta. Yana rage wari, ba ni da ja da shi, in fatarki ta warke ki jiƙa shi ki goga. Sai dai in gudun alminiyam kike yi, kin fita ta ƙofa kin dawo ta taga.

Idan duk da haka ranki ya fi kwanciya da wanda babu alminiyam, kuɗinki ne, hammatarki ce. Amma ki san me kika zaɓa. Kayan hammata iri biyu ne: mai hana gumi, shi ne mai alminiyam, da mai kashe wari kawai. Gumi shi kansa ba ya wari, ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a fata ne ke cin maiƙon da ke cikinsa su saki tsamin. Mai kashe wari da su yake faɗa, ba zai hana ki jiƙewa ba. Legas kuma ba Kano ba ce da iska za ta busar da ke. A nan iskar kanta jiƙe take, ga gosulo daga Agege zuwa Ikeja, ga hijabin roba a kan atamfa. Don haka sauran aikin yana kanki: riga ta ciki ta auduga, hijabin da iska ke ratsawa, kada a maimaita rigar jiya, a tsane hammata kafin a shafa komai. Gashin wurin shi ne maɓoyar warin, kuma addini ya riga ya ce kada a bar shi ya wuce kwana 40. Ki zaɓi mai rubutu a jiki da lambar NAFDAC, wanda babu soda a ciki, ki gwada a cikin damtse kwana biyu tukuna. Humra da kulaccam a kan tufafi za su tafi, ba a kan fatar da aka aske ba. Masu cewa sai jiki ya yi sati huɗu yana "fitar da guba" idan an canza, gumin da aka daina toshewa ne kawai ya dawo.

Tsoron da rasuwar innarki ya sa miki, ga inda za ki kai shi: ki faɗa wa likita akwai cutar a dangin uwa, da shekarun da take da su lokacin da aka gano, ya gaya miki yaushe ya kamata ki fara gwaji. Ki san yadda mamanki yake. Ƙullutu, ko canjin fata, ko jini daga kan nono, kada ki jira ya yi ciwo. Asibitin koyarwa na LUTH yana nan Idi-Araba, na LASUTH kuma yana Ikeja kusa da wurin aikinki.

TAMBAYA: Hajiya, ina sayar da albasa a kasuwar Mile 12. Duk farar shaddata hammatar ta koma ruwan ɗorawa, mai wanki ya yi iya yinsa. Rol-on ne ko gumina ne ba shi da kyau? — Wani bawan Allah

AMSA: Alhaji, guminka lafiyarsa ƙalau. Alminiyam ne ke haɗuwa da gumi ya kama zare. Ka riƙa shafawa da daddare bayan wanka, a busasshiyar fata, kaɗan ba lafta ba. Da dare ya fi kamawa, kuma wankan asuba ba zai cire aikinsa ba. Ka sa singileti mai hannu a ƙarƙashin shaddar. Mai wankinka kuma ka ce masa ya daina zuba ruwan bilic a wurin, ƙara rina shi yake yi. Ya jiƙa shi a ruwan ɗumi da garin sabulu tun ranar da ka cire, kada a kai wa mai guga ko mai bugu sai tabon ya fita.