Tambaya da Amsa: Katafaren Filin Wasa ne ke Ɗaga Ƙungiya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Birninmu matsakaici ne, kuma muna da ƙungiyar ƙwallon ƙafa wadda mutanen gari ke ƙauna, amma har yau ba ta da filin da za ta kira nata. Yanzu ana ta kiraye-kirayen a gina mana katafaren fili irin na manyan birane. Shin wannan ne zai ɗaga ƙungiyarmu? Daga wani mai karatu.

Amsa: Wa'alaikumus salam, malam. A ganina girman fili ba shi ne farkon abin da ƙungiyarku ke bukata ba, kuma akwai garuruwan da suka gwada wannan hanya suka ji a jikinsu. An gina wa birnin Manaus na ƙasar Brazil fili mai ɗaukar mutum fiye da 40,000 domin gasar cin kofin duniya ta 2014, aka buga wasanni huɗu kacal na gasar a cikinsa, daga nan kuma sai aka bar hukuma da ɗawainiyar kula da ginin da ƙungiyoyin garin ba su da 'yan kallon da za su cika shi. Fili ba ya daina cin kuɗi don ba a wasa a cikinsa, domin ciyawa na neman ruwa da aski, fitilu na neman gyara, masu gadi da masu shara kuma na jiran albashinsu.

Ka dubi Villarreal ta ƙasar Sifaniya. Mutanen garinta ba su wuce kimanin 50,000 ba, filinta kuwa yana ɗaukar kusan 23,000, amma a 2021 ta doke Manchester United a bugun fenariti ta ɗauki kofin Europa. Ita ma Juventus ta ƙasar Italiya, duk da cewa garinta Turin babban birni ne, ta rushe tsohon filin da aka gina domin gasar duniya ta 1990, wanda ke ɗaukar kusan 69,000 amma titin tsere ya nisanta 'yan kallo daga 'yan wasa, ta maye gurbinsa a 2011 da wani mai kujeru kimanin 41,000. Ɗan wasa ya fi jin ƙarfin magoya baya idan sun cika ƙaramin fili maƙil suna kusa da shi, fiye da idan sun watsu nan da can a cikin makeken gini.

Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin wasiƙarka shi ne cewar da ka yi ba ku da filin kanku. Coventry City ta Ingila ta ɗanɗana wannan matsala: saboda saɓani da masu filin da take haya, ta buga wasanninta na gida a wani gari daban, Northampton, a kakar 2013 zuwa 2014, sannan ta sake barin garinta ta koma buga su a birnin Birmingham daga 2019 zuwa 2021. Magoya baya da yawa ba su bi ta ba, kuɗin tikiti ya ragu, yaran garin kuma suka rasa damar ganin ƙungiyarsu a kusa da gida. Ba dole ba ne ƙungiya ta mallaki fili, amma wajibi ne ta riƙe rubutacciyar yarjejeniya ta shekaru masu yawa, wadda ta fayyace kuɗin haya, da wanda zai kula da ciyawa, da yadda za a raba kuɗin ƙofa, da kuma sharaɗin cewa ba za a ba da filin don wani taro ana gab da wasa ba.

Idan za ku kai koke ga hukuma, ku nemi fili mai tsawon mita 105 da faɗin mita 68, wanda shi ne ma'aunin da aka fi amfani da shi a manyan gasa, mai shimfiɗaɗɗiyar ciyawa da magudanar ruwa mai kyau, da ɗakunan sauya kaya na 'yan wasa da alƙalai, da ƙofofin fita masu faɗi. Ku kuma nemi wani filin atisaye daban, domin yawan tattaki ne ke kashe ciyawa. Kujeru kuwa, a fara da adadin da za ku iya cikawa, a bar sarari a gefe domin ƙari idan 'yan kallo sun yawaita.