Tambaya da Amsa: Wai funfuna ce maganin funfuna?

Tambaya: Malam barka da aiki. An kawo mana wata dawa mai shuɗi-shuɗi wai ita Aflasafe, a watsa a gonar masara da gyaɗa, sai wani yaro ɗan jami'a yace ai funfuna ce a jikinta. To dan Allah ya za a yi in zuba funfuna a gonata da hannuna? Daga wani manomi a Bichi.

Amsa: Toh Alhaji yaron nan bai yi ƙarya ba, funfuna ce, sunanta Aspergillus flavus, kuma danginta ne ke zuba gubar aflatoksin a masara da gyaɗa, gubar da ke cin hanta har ta kai ga ciwon daji, wato kansa. Amma uwa ɗaya uba ɗaya hali daban-daban, wasu na yin guba wasu ko ɗigo ba sa yi.

Yadda masana ke rarrabe su, farko da ido ne. Ana shuka ta a faranti a ɗakin gwaji, in ta yi ƴan kwanaki sai ta fitar da wasu ƴan baƙaƙen ƙulallai, in ƙanana ne ba su kai milimita 0.4 ba kuma da yawa tsam sai a ce nau'in S ne, wannan kam mugu ne, shi aka fi ɗora wa alhakin abinda ya faru a Kenya a 2004 inda mutum 125 suka rasu bayan cin gurɓatacciyar masara. In manya ne sai a ce nau'in L. Matsalar kenan, cikin L ɗin ma akwai masu guba akwai marasa, kuma kamarsu ɗaya sak, ido ba zai raba maka ba wallahi, sai dai a gwada a ga ko suna fitar da gubar ko a duba ƙwayoyin gadonsu. Marasa gubar za ka tarar sashen da ke haɗa gubar ya lalace ko ma babu shi kwata-kwata.

Irin waɗannan guda 4, ƴan ƙasar nan, cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta zaɓo ta shafa a dawa, sai su riga masu gubar mamaye gona. Kilo 10 ake watsawa a hekta, sati 2 zuwa 3 kafin amfani ya yi fure. Dawar dai ba ta ci ba ce, kar yara su ɗauka. Kuma ni a ganina ko ka watsa, in ka shanya gyaɗarka a ƙasa mai danshi ka ɗura a buhu bata bushe ba, ka yi asarar kuɗinka ne kawai.